Jan Mayafi a Ƙofar Shagon Agogo

Shekara talatin da uku Sista ta yi tana aikin jinya, kuma ko da ta ajiye aiki ba wanda ya daina kiranta Sista, har 'ya'yan cikinta idan tsokana ta motsa musu. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, mai hannu a tsaye, wadda ta saba idan ta ce wa ƙato ya kwanta sai ya kwanta. Ciwo ɗaya ne bai ji tsoronta ba a duniya, shi ne wanda ya kama mijinta.

Mai gyaran agogo ne. Ko in ce a da, don yanzu na hannunsa ma kallonsa kawai yake yi. Mantuwa ta fara masa da ƙananan abubuwa, makulli, tabarau, sunan maƙwabci. Daga nan ta ci sunayen jikoki, ta ci na 'ya'ya, ba ta ƙoshi ba. Wata safiya Sista ta kawo masa shayi, ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Matar gidan ba ta nan ne?"

Ta koma kicin ta dafa bakin tebur har yatsunta suka yi sanyi. Wannan fa shi ne mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana kiranta Likita, tun ranar da ta gyara masa zance ta ce ita ba likita ba ce, nas ce. Da gangan ya riƙe sunan don ya ga tana harararsa. Yau ga shi ta zama baiwar Allah a cikin falonta.

Daga ranar kowace safiya ta zama yaƙi. Ba ya shan magani daga hannun baƙuwa, abinci ma sai an kai ruwa rana. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya zura takalmi ya ce zai tafi shago. Shagon kuwa an rushe shi shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da aka faɗaɗa titi. Sau biyu ana tsinto shi tsaye a gefen kwalta, motoci na yi masa ham, yana neman ƙofar da babu ita.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aure a wata unguwa, ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta nuna masa hotunan waya, ta zazzage tsohon albam. Yakan duba ya gyaɗa kai da fara'a, irin ta wanda aka nuna wa 'ya'yan wasu. Ita ce dai ta zo da labarin mai zanen.

"Mama, kin tuna dogon mutumin nan da ke saman bene, daura da shagon Baba? Wanda kullum yake bakin taga da buroshi? An ce duk layin nan ya zana shi kafin a rushe."

Sista ta tuna shi. A lokacin kallon marar aikin yi take masa.

Ta same shi a wani ɗaki a hawa na uku, a can ƙarshen gari. Dogo ake ce masa, kuma bai ci amanar sunan ba. Ɗakin cike yake da kwalabe masu ruwa launi-launi, buroshi a cikin gwangwani, takardu masu kauri an shanya su a kan katako. Hannun Sista har ƙaiƙayi yake ta ɗauki tsumma. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya durƙusa ya jawo wani faffaɗan akwati daga ƙarƙashin gado. Zanuka ne a ciki, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da farar takarda. Ya daɗe yana ɗagawa da gefen yatsu kafin ya zaro ɗaya.

Bai fi faɗin faranti ba. Amma ga shagon nan, da shuɗiyar ƙofarsa, da babban agogon da ke rataye a samanta, da inuwar bishiyar da ta faɗo rabin dakali. A bakin ƙofar kuma ga wata mace da jan mayafi, riƙe da kular abinci. Ba ta da fuska ma, buroshi ne ya taɓa wurin sau uku ko huɗu ya wuce. Duk da haka tsayuwar ta isa, kafaɗa ɗaya a sama, irin ta mai sauri da aka ɓata wa lokaci.

"Ni ce wannan," in ji Sista, muryarta ta sauka.

"Ke ce," in ji Dogo. "Kullum ƙarfe ɗaya. Da ke nake sanin lokacin tashi cin abinci, ba da agogon mijinki ba."

Sistar da ke cinikin ashana kamar za a yi dambe, ranar kuɗin da ya faɗa ta miƙa masa ba ta nemi ragi ba. Ta kai hannu za ta ɗauka, ya tare ta.

"A gefe ake kamawa, Sista. Fentin ruwa ne, ba irin na bango ba. Launin a saman takardar yake kwance kawai, ɗigo ɗaya ya isa ya tashe shi. Kada ki goge shi da komai, na san halinku. Rana kuma ita ce babbar maƙiyiyarsa, a hankali take shanye shi ba ki sani ba. Ki kai wa mai sa wa hotuna firam ɗin nan da ke bayan tashar mota, ki ce ni na turo ki. Shi ya san kan abin."

Mai firam ɗin gajere ne mai yawan bayani, wanda ko ƙusa zai buga sai ya gaya maka tarihinta. Ya yanko farin kwali mai kauri, ya buɗe masa tsakiya kamar taga, ya ɗora a kan zanen. Ya ce aikin kwalin shi ne ya hana takarda haɗuwa da gilashi, don idan suka haɗu kuma gilashi ya yi gumi, fenti ya bi shi ke nan. Bai sa gam ba. Da 'yan siraran takardu biyu ya riƙe zanen daga sama, ya ce takarda tana numfashi, dole a bar mata wurin motsi. Ya rufe baya, ya liƙe gefuna, ya miƙo mata.

"Bangon da rana ba ta taɓawa, Hajiya. Nesa da kicin, nesa da banɗaki. In za ki share gilashin, busasshen ƙyalle."

Sista mai bin doka ce. Ta zagaye gidan ta samu bangon da rana ba ta san da shi ba, a lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, ta rataye shi a can. Kwana uku maigidan yana wuce shi kamar yadda yake wuce makunnin fitila. Idonsa ya yi rauni, lungun kuma duhu.

A rana ta huɗu haƙurinta ya ƙare. Ta sauke shi ta kai masa inda yake zama kowace safiya, a kujerar da ke jikin tagar gabas. Can ya zaɓa wa kansa, don duk rayuwarsa a bakin haske ya yi aiki. Ta ɗora masa a cinya ta ja da baya.

Ya ɗaga shi kusa da fuskarsa. Ya runtse ido ɗaya, yadda yake yi a da idan ya maƙala ɗan madubin gyara a ɗayan. Ya daɗe a haka.

"Ƙofar nan tana son mai," ya ce. "Kullum sai na ce zan sa."

Yatsansa ya bi gilashin a hankali, ya sauko daga agogon, ya tsaya a kan jan mayafin.

"Ga Likita ta kawo abinci."

Ya ɗago kai ya dube ta. Ya sake duban zanen, ya sake dubanta. Sai fuskarsa ta saki, ta koma wadda ta sani.

"Likita, kin tsaya min a kai kamar mai jiran allura. Zauna mana."

Ta zauna a ƙasa, nan inda take, ta yi kukan da ta shekara biyu tana haɗiyewa. Shi kuwa sai faɗa yake mata wai shayinsa ya huce.

To, daga nan ne matsalar ta fara, kuma Sista ta san da ita tun ranar. Kada wani ya ce rashin sani ne. Ta buga ƙusa a bangon da ke gefen kujerarsa, inda rana ke faɗowa tun fitowarta har hantsi ya ɗaga, tana bugawa tana jin muryar Dogo a kunnenta. Ba ta miƙa wuya haka kawai ba. Ta gwada sauke labule, ya ce an kashe masa fitila, ya kasa ganin komai. Ta gwada matsar da kujerar, ya mayar da ita da kansa yana haki. Ta gwada sauke zanen da zarar ya gane ta, ya tashi hankalin gida wai ɓarayi sun shiga shago. Ashe ba kallo ɗaya yake masa ba. Duk bayan 'yan mintoci sai ya koma ya duba, kamar mai taɓa aljihu ya ji ko makulli na nan.

Mai firam ya ba da shawara a ɗauki hotonsa a buga a takarda mai kyau, a rataye wannan a rana, a ɓoye na ainihi. Aka yi, aka sa masa firam iri ɗaya sak. Auta ta rantse ko ita ba ta iya bambancewa. Maigidan ya ɗaga shi, ya runtse ido, ko minti ɗaya bai yi ba ya miƙo mata.

"Jabu ne," ya ce. "Mayar wa wanda ya sayar miki, baiwar Allah."

Mutumin da bai san sunan 'yarsa ba, amma idon sana'a na nan daram. Sista ta rasa dariya za ta yi ko zagi. Daga ƙarshe dai aka sauya gilashin da wani mai tsada wanda ke tace rana. Mai firam bai ɓoye mata ba, ya ce wannan jinkiri ne kawai, ba magani ba.

Shekara biyu da 'yan watanni suka samu. Sista ba ta taɓa kiransu da wani suna ba, amma ta san kyauta ce. Yana cin abinci, yana shan magani, yana tsokanarta. Wani lokaci ma har ya tambayi Auta yaya maigidanta, ko da yake wanda yake nufi wani ne daban. Kowace safiya sai ya bi hanyarsa, ƙofa, agogo, jan mayafi, sannan ya ɗago ya same ta. Ita kuma kullum tana tsaye a wurin da zai ɗago ya gani.

Shuɗin ƙofar bai gaji ba, koren bishiyar ma ya ɗan yi haske ne kawai. Jan ne ya fara tafiya. Da fari ta ce idonta ne. Sai wata rana ta ɗauko jabun nan daga bayan kabad ta jera su. Mayafin ya koma ruwan hoda. Bayan wasu watanni ya koma kalar shayin da aka cika wa madara. Yatsan maigidan ya fara yawo a kan gilashin kafin ya same shi, ita kuma tana tsaye tana ƙirga daƙiƙu a zuci kamar mai auna bugun jini.

Ranar da ta daɗe tana tsoro ta zo ba tare da wata alama ba. Yatsan ya sauko daga agogon, ya zagaya bakin ƙofar, ya koma sama, ya sake saukowa.

"Yau ba ta zo ba," ya ce.

"Ga ni nan, Malam. Ga shayinka."

"A'a, na gode. Matata za ta kawo min. In ta tarar na ci na wani, na shiga uku."

Bai ci ba. Washegari ma haka. Ruwa kaɗai yake karɓa, shi ma sai ta ajiye ta fita. Wani lokaci yunwa ta ci ƙarfinsa ya gutsiri burodi a ɓoye, kamar mai sata, sannan ya koma jira. A mako na uku sai da ta ƙara wa bel ɗinsa huda. Sista ta ga irin wannan ramar a gadajen asibiti ba sau ɗaya ba, ta san inda take kaiwa da kuma tsawon lokacin da take ɗauka. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji a bakin aiki ba.

Ta bar Auta da shi, ta naɗe zanen a tawul ta hau hawa ukun nan. Tun daga ƙofa ta ga an canza. Kwalaben sun bushe, launi ya daskare a gindinsu. Dogo na zaune a bakin gado, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Taɓawa kawai za ka yi," ta ce bayan gaisuwa. "Sau uku ko huɗu, kamar yadda ka yi da farko."

Ya dubi zanen ya girgiza kai. "Kin sa shi a rana."

"Na sa. Ba wa'azi na zo ji ba."

"Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Jan nan mai arha ne. Lokacin ba ni da halin mai kyau, na ce wa zai damu da mayafin wata mai wucewa." Ya zaro hannunsa na dama ya ɗaga mata. Rawa yake yi, ba ƙaramar rawa ba, tun daga wuyan hannu har yatsu. "Shekara guda ke nan. Cokali ma da dabara nake kai shi baki."

Sista ta dubi hannun da idon aiki, ta san ba mai dawowa ba ne. Amma tausayi bai samu wuri a zuciyarta ba ranar.

"To ba ni fentin da buroshin. Nawa hannun lafiyarsa ƙalau."

"Ba zan ba ki ba."

"Saboda me?"

"Saboda takardar ta tsufa, ta gasu. Da can tana riƙe ruwa a sama har ya bushe inda ka sa shi. Yanzu duk abin da ya taɓa ta zuƙewa za ta yi, ta watsa shi inda ta ga dama. Ko da hannuna na da, sai na yi tunani sau goma. Ki bar shi haka, Sista. Aƙalla inuwarta na nan."

"Inuwa ba ta ba shi abinci," ta ce, ta naɗe tawul ɗinta. Ta sauko tana huci, tana cewa a ranta mutum ya yi aiki da kayan banza sannan ya zauna yana koya wa mutane haƙuri.

Kwana biyu ta yi tana juya maganar. A na uku, da rana tsaka, maigidan ya ture kwanon da ta kawo, ya shiga ɗaki yana dafa bango ya kwanta. Ta bi ƙafafunsa da kallo, sun zama kamar sanduna a cikin wando. Ta buɗe akwatin magungunanta za ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, sai idonta ya faɗa kan wata 'yar kwalba a kusurwa. Jan maganin nan ne da ake shafa wa ƙujewa da yanka. Ta ɗaga shi a haske. Wallahi launin mayafin ne, kamar da shi aka rina.

Ba ta yi garaje ba, wannan kam a ba ta. Ta share teburin cin abinci ta shimfiɗa farin ƙyalle. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar hannu. Ta jera kayanta a tire yadda ta saba, auduga, tsinken auduga, almakashi, reza, kwalbar sifirit, kowanne a wurinsa. Ta gwada maganin a bayan wata ambulan, ya zauna tsaf inda ta ɗiga shi, gefensa a tsaye. Ta yi murmushi karo na farko cikin makonni. Ita da ta ɗinke wa yaro fatar ido yana wutsil-wutsil, mayafin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ne zai gagare ta?

Ta kifa firam ɗin, ta yanke liƙin baya da reza, ta ɗaga kwalin. Zanen ya fito tsirara, ba gilashi, karo na farko tun shagon mai firam. Takardar ta yi rawaya a tsakiya, gefen da kwali ya rufe kuwa fari fat. Ta tsoma tsinken, ta matse shi a bakin kwalba har ya kusa bushewa, ta yi bisimilla ta taɓa kafaɗar matar.

Ya yi kyau. Na tsawon numfashi ɗaya, ya yi kyau, matar ta dawo bakin ƙofa. Sista ta sake tsomawa, wannan karon ba ta matse sosai ba, ta taɓa ƙasan mayafin.

Takardar ta zuƙe. Jan ya fita daga inda ta sa shi, ya bi zaren takardar ta ko'ina, ya ci kular abincin, ya ci hannun da ke riƙe da ita. Ta danna busasshiyar auduga, audugar ta ɗago da shuɗin ƙofa a jikinta. Nan ne ya kamata ta tsaya. Amma hannun da ya shekara talatin da uku yana aiki ba ya jiran shawara. Idan magani ya wuce bakin ciwo, da sifirit ake share shi, ta yi haka sau dubu nawa. Kafin kanta ya ce kada, hannun ya jiƙa auduga ya shafa.

Sifirit ya kwashi jan ya gangara da shi. Ya sauka daga dakali, ya malala kan titi, ya yi faɗi. Ƙofar ta rine ta koma wani launi marar suna. Matar kuwa babu ita, ko inuwar da Dogo ya ce a bari. Sai wani jan tabo shimfiɗe a bakin shagon, mai duhu a tsakiya, ya kai har gindin bishiya.

Sista ta tsaya da audugar a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, kanta ya ɗauke gaba ɗaya. Tana cikin tunanin inda za ta ɓoye shi, da abin da za ta ce idan ya ga ƙusa ba komai, sai ta ji numfashi a bayanta. Ba takalmi a ƙafarsa, shi ya sa ba ta ji tahowarsa ba.

"Malam, koma ka kwanta. Ban gama ba."

Bai ji ta ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki takardar, a gefe ya kama, da yatsu biyu, ya kai ta bakin taga. Ya runtse ido. Ta ga ƙwayar idonsa ta tsaya a kan agogon, ta sauko. Ta daɗe a ƙasan ba ta motsa ba.

"Mota ce?" ya tambaya a hankali.

"Malam, ba abin da ya faru. Magani ne ya zube, ni na..."

"Na sha gaya mata. Na ce Likita, ki dinga duba titin nan kafin ki tsallako. Kullum tana sauri." Ya zauna a kujerarsa. "A bakin ƙofata. Ina ciki ban ji ba."

Ta durƙusa a gabansa ta kama gwiwarsa. "Dube ni. Dube ni da kyau, Malam. Ni ce. Ga ni da raina, ba abin da ya same ni. Ni ce Likita."

Ya dube ta, da kyau kuwa, yadda ta roƙa. Ya dubi safar hannunta da ta yi ja har wuyan hannu. Ya dubi teburin, farin ƙyalle, tire, almakashi, tulin auduga mai ja. Ta ga yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a natse, yadda yake haɗa cikin agogo, har komai ya zauna masa daidai.

"Ke ce nas ɗin da ta karɓe ta," ya ce.

Hawaye na bin kumatunsa da suka faɗa, bai share ba.

"Gaya min gaskiya, don Allah. Ta sha wahala?"

Sista ta san wannan tambayar. An yi mata ita a barandar asibiti fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, kuma ta san amsa ɗaya ce ake bayarwa, ko da me ido ya gani. Ta kuma san idan ta sake cewa ita ce, zai koma jira, jiran kuma shi ke kashe shi. Ta ji kamar ana zare mata wani abu daga ƙirji ba tare da allurar kashe zafi ba.

"Ba ta sha wahala ba," ta ce. "Nan take ne."

"Kina kusa da ita?"

"Ina kusa da ita."

"To alhamdu lillahi. Ba ta son a bar ta ita kaɗai, ko da yake ba za ta faɗa ba." Ya ɗora takardar a cinyarsa ya dafe ta da tafin hannu. Ya daɗe yana kallon waje. Sannan ya juyo ya ga kwanon da ya ture ɗazu, yana nan a rufe a gefen tebur.

"Wancan abinci ne?"

"Abinci ne."

"Miƙo min, 'yar nan, in ba damuwa. Ba sauran wanda zan jira."

Ta tashi ta cire safar hannun, ta ɗumama masa, ta kawo. Ya cinye tas, yana ci yana kuka, ita kuma tana tsaye a gefe da kofin ruwa.